Jeanty ne na farko? Musayar baitoci bayan zaɓen sabbin 'yan wasa na 2025 a NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka

Auta:
Yayyena, daren zaɓen Green Bay ban runtsa ba,
Ƙungiyar Raiders ta ɗauki Ashton Jeanty, mai gudu da ƙwallo, na 6, ban yi mamaki ba.
Yadi 2,601 ya kwasa da ƙafa a jami'ar Boise State a 2024,
Ɗan hamayya ɗaya bai cika kai shi ƙasa ba.
A fantasi (wasan da kowa ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasan gaske, yana cin maki da abin da suka yi a fili) shi ne na farkona, ba zan sauya ba.

Babban Yaya:
Ƙanena, yaron gwani ne, wannan babu musantawa,
Amma doki ko na sarki ne, sai da fili yake sukuwa.
Kafin ka ɗauki mai gudu, dubi ƙartin nan biyar masu tarewa,
In katangar gaba ta rushe, tun bayan layi ake faɗuwa.
Caleb Williams mai jifa na 1 ne a 2024, Chicago ta cika da sowa,
Sau 68 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu, kafin jefawa.

Anti:
Ku matsa mini, ni da alƙalami nake hukunci, ba da baki,
A yawancin gasa yadi 10 na gudu ke ba ka maki,
Na jifa kuwa sai 25, kun ga inda ake cin riba a aiki.
Jayden Daniels na 2 ne a 2024, ƙafa da hannu duk ya sa a ciki,
Yadi 891 ya gudu wa Washington, har yau ina mamaki.
Ƙafa na da tsada a wasan nan, kada ku yi wa Auta tsaki.

Kawu:
'Ya'yana, kun tsaya a gaba, ni idona yana can baya,
Puka Nacua na 177 ne a 2023, ba mai ko tambaya,
Ya cafe 105 a shekarar fari, Rams suka ga gaskiya.
Bucky Irving zagaye na 4, Tampa Bay ta buɗe masa hanya,
Ya wuce yadi 1,000 a guje, har manya suka sha wuya.
Ku bar mini gurbi biyu a ƙarshe, can nake tsintar dukiya.

Auta:
Yaya, na ji batun katanga, ban ƙi ta taka ba,
A 2024 ba ƙungiyar da Raiders ba ta bi bayanta a gudu ba.
Shi ya sa suka kashe lamba 6, ba don ya zauna a benci ba.
Pete Carroll ne sabon koci a 2025, tun Seattle bai gaji da gudu ba,
Ga Brock Bowers mai cafe 112, 'yan baya ba za su ƙyale shi ba.
Wanda za a miƙa wa ƙwallo kowane mako, ba ya rasa maki ko bai haska ba.

Babban Yaya:
To, hujjarka ta zauna, yawan miƙo ya fi yawan yabawa,
Ɗauke shi, amma Agusta ka sa ido kan masu tarewa.
In wani ya riga ka, ga Omarion Hampton, na 22 wajen fitowa,
Chargers suka kai shi gun Jim Harbaugh, mai son a yi ta turawa,
Sai dai a 2025 Najee Harris na can, da shi za a yi rabawa.