Wane suna ya dace da mai taimaka wa mai naƙasa a hidimar jikinsa?

Jama'a, ina neman mu tsayar da kalmar Hausa ga ma'aikacin da Turawa ke kira personal care attendant, wato wanda mai naƙasa ke ɗauka da kansa, ana biyansa, domin ya taimaka masa wajen wanka, sa tufafi, zagayawa da tashi daga gado zuwa keken guragu.

Buƙatar kalmar tana fitowa fili tun a kiran waya na farko, lokacin da ake tantance masu neman aikin kafin a gana da su. A wannan kiran ake fayyace wa mutum ayyukan ɗaya bayan ɗaya, da sa'o'i da albashi, a tambaye shi ko zai iya ɗaga babban mutum, yadda zai riƙa zuwa a kan lokaci, da waɗanda za su shaidi halinsa, kuma ba a ba shi adireshin gida tukuna. Idan sunan aikin ya karkace, mai nema zai zo da tunanin wani aiki dabam.

"Mai jinya" bai yi ba, domin mai naƙasa ba mara lafiya ba ne. "Ɗan aiki" yana kai hankali ga shara da wanke-wanke. Wanda ya fi damuna shi ne "mai kula", domin yana miƙa ragama ga ma'aikacin, alhali tun 1972, da Ed Roberts, wani mai naƙasa ɗan fafutuka, da abokansa suka kafa cibiyar rayuwar cin gashin kai ta masu naƙasa a birnin Bakli (Berkeley) na Amurka, abin da ake fafutuka a kai shi ne mai naƙasa ya zaɓa, ya ba da umarni, ya sallama idan ta kama. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ya ambaci wannan taimako.

Shawarata ita ce "mai taya hidimar jiki", a taƙaice "mai tayawa", domin a Hausa wanda aka taya shi ne mai aikin. Kiran kuwa, "tantancewar farko ta waya" ya wadatar. Ina so in ji ta bakin masu naƙasa da kansu ko kalmar ta kwanta musu.