Arahar Bayan Gari: Sauƙi Ne Ko Bashi?

Auta: Assalamu alaikum. Iyaye da yayye, shawara nake nema. Mai gidan da muke haya a Badarawa, nan Kaduna, ya aiko da takarda, ya kusa ninka kuɗin, kuma wata uku ya rage mana. Ciki da falo ne, mu huɗu, ga na biyar a hanya. Dillali ya zaga da ni wurare uku: can cikin Rigasa, da Rigachikun, da Ɗanbushiya a Millennium City. Duk inda muka je, abin da nake biya yanzu zai kama mini ɗaki biyu da falo, har a ba ni canji. Wurin aikina kun san shi, Ahmadu Bello Way ne, wajen babbar kasuwa. Ina zan dosa?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Kada ka dosi ko'ina. Ka je ka ba mai gida haƙuri ya rage, in ya ƙi ka nemi ƙaramin wuri nan kusa. Arahar bayan gari ba araha ba ce, bashi ne da ake biya kullum da safe. Mai gida sau ɗaya yake zuwa maka a shekara, mai keke kuwa kullum yana nan.

Ɗauki biro. Daga Badarawa hawa ɗaya kake yi zuwa aiki, ɗaya dawowa. A kwana 22 na aiki, hawa 44 ke nan a wata. Daga cikin Rigasa fa? Ka fito daga lungu zuwa babban titi, ka hau zuwa Bakin Ruwa, ka sake hawa zuwa kasuwa. Uku zuwa, uku dawowa, 132 a wata. Ka ninka sau 12 ka gani ko canjin da dillali yake maka kwaɗayinsa zai kai ka Sallah. Da can ana iya rufe ido, amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, hanya ta zama mai gida na biyu. Araha ba ta ado.

Kawu: Babba, sannu da lissafi. Lokacin da na sayi filina a Rigasa, mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, cewa ya yi na koma daji zama da birai. Gonaki ne gaba da baya. Yau fa? Ka zo da yamma ka ga ko za ka sami wurin ajiye ƙafa. Akwai kasuwa, akwai asibitin gwamnati, Islamiyya a kowane layi, ga tashar jirgin ƙasa ta Abuja da aka buɗe a 2016. Badarawan da kake kira cikin gari, da Unguwar Dosa, da Malali, duk sun taɓa zama ƙarshen gari. Kaduna tafiya take yi, wanda ya riga ta zuwa shi yake cin riba.

Yaya Babba: Allah Ya ƙara girma, Kawu, ba musu nake da ku ba. Amma ku saye kuka yi, shi haya zai kama. Da gari ya iso ku, filinku ne ya yi daraja. Shi in gari ya iso shi, kuɗin hayarsa ne zai tashi. Zai sha ƙurar rani, ya sha taɓon damina, ranar da aka zuba kwalta a layin kuma mai gida ya aiko da irin takardar da aka aiko masa yanzu. Sai ya sake kwasar kaya ya ƙara gaba. Ɗan haya shi ke share wa mai gida daji.

Kawu: Wannan kam ka faɗi wani abu.

Taubashi: Ku bar wannan bawan nawa ya zo Ɗanbushiya in riƙa aikensa. Yaya Babba, lissafinka na Rigasa ne, kada ka shafa mana. Mu gada ɗaya ce tsakaninmu da Unguwar Rimi. Ka tsallake kogi, ka shiga gari, ba baifas, ba tireloli. Tun zamanin Namadi Sambo aka tsara wurin, tituna a yanke, ba irin unguwar da gida ke fitowa a tsakiyar hanya ba. Asibitin nan mai gado 300 da aka daɗe ana jira an buɗe shi a 2025. Yara suna da filin gudu, dare ya yi ka ji iska kamar a ƙauye.

Auta: Wa ye bawanka? Kai da har yau ba ka biya ni kuɗin shara ba.

Yaya Babba: Taubashi, faɗa wa jama'a da me kake tsallake gadar.

Taubashi: Da motata mana.

Yaya Babba: To, magana ta ƙare. Millennium City unguwar mai mota ce. Auta ƙafa yake da ita. Kuma gidan da aka nuna masa ba a bakin babban titi yake ba, don da a nan yake da ba a kira shi araha ba.

Anti Nas: Ku duka zancen safiya kuke yi, ni na dare zan yi, tunda aikina ke nan. Matar Auta tana da ciki wata shida. Naƙuda ba ta duba agogo, zazzaɓin yaro ma ƙarfe biyun dare ya fi so. Matan da suke iso mana a galabaice, sau da yawa ba nisan asibiti ne ya cuce su ba, neman abin hawa ne. Asibiti yana iya zama kusa a ido, amma tsakanin ƙofar gida da kwalta akwai lungu, kuma a watan Agusta wani lungun ko keke ba ya shigarsa da rana, balle da dare. Saboda haka ni tambayata uku ce ga kowane gida: taku nawa ne zuwa kwalta, wane maƙwabci ne yake da abin hawa da za a iya buga masa ƙofa, kuma ina ake karɓar haihuwa da dare a kusa? Daga Badarawa, asibitin Kawo yana nan, Barau Dikko ma ba nisa. Wannan kusancin yana cikin abin da kake biya, ko da ba a rubuta a rasit ba.

Amma fa ban goyi bayan Yaya Babba ɗari bisa ɗari ba. Mutum biyar a ciki da falo, a gidan yawa, banɗaki ɗaya, shi ma ciwo ne. Tari ya kama ɗaya ya zagaye kowa.

Goggo: Jikata ce take rubuta mini. Ku tambayi ruwa. Duk kun manta da ruwa saboda ba ku kuke wanki ba. Mai jego ruwa take ci kamar gona: wankan jego, wankin jariri, girki, ga yara biyu. In gidan babu rijiya ko burtsatse, 'yan garuwa ne za su cinye canjin nan, jarka jarka. In kuma akwai burtsatse, a tambaya wa yake tayar da shi in babu wuta. Rijiya kuma kada a duba ta yanzu, a tambayi maƙwabta yadda take a watan Afrilu. Shi ke nan, Allah Ya yi muku albarka.

Auta: Amin, Goggo. Gaskiya ban tambaya ba. Na ga tanki a sama na ɗauka shi ke nan.

Anti Nas: Tanki ba ruwa ba ne, Auta.

Yaya Babba: Sannan ga abin da kowa ke kewayewa. Gidan da ya fi araha a kowace unguwa shi ne na ƙarshe, wanda bayansa daji ne. Ba mu manta da ɗalibai 39 da aka kwashe a kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris ɗin 2021 ba, nan bayan Mando. Ba mu manta da harin jirgin ƙasa ba, 28 ga Maris 2022.

Kawu: A'a, Babba, a nan ka haɗa abin da bai haɗu ba. Jirgin can wajen Katari aka tare shi, ba a Rigasa ba, don tasharsa tana unguwarmu ba zai zama laifinmu ba. Kuma Rigasa ba abu ɗaya ba ce. Akwai tsakiya, inda mutane suka yi yawa har ɓarawo ba ya samun wurin juyawa, akwai gefe. Haka Rigachikun, haka Ɗanbushiya. Ba sunan unguwa ake tambaya ba, layi ake tambaya. Ka je sallar Isha'i a masallacin layin. In sahu ya cika, mutane sun tsaya hira bayan sallama, mai shayi yana nan, to wurin yana da rai. In kowa ya yi sallama ya ruga gida ya ja ƙofa, kai ma ka ruga. Ka tambayi kuma ko akwai 'yan sintiri, da nawa kowane gida yake bayarwa a wata, ka sa shi cikin lissafin yayanka.

Taubashi: To ni ga tawa. Tunda Yaya Babba ya ce ɗan haya share daji yake yi, sai Auta ya share wa kansa. Ya jure shekara uku a bayan gari, abin da ya rage ya zuba a adashi, ya kama fuloti ko rabi ne. A Badarawa ko shekara ashirin ya yi ba zai sayi wurin ɗaure akuya ba.

Yaya Babba: In akwai abin da zai rage. A nan muka fara.

Kawu: Shawarar ba ta da laifi, amma a bi a hankali. Wani abokina ya sayi fili a hannun dillali, takarda ɗaya da sa hannun shaidu, ya je zuba bulo ya tarar da wani ya riga ya haƙa tushe. Shi ma da tasa takardar, hannu ɗaya ya rubuta musu. Yanzu ba zamaninmu ba ne, kafin ka ba da sisi ka kai bayanin filin KADGIS, hukumar filaye ta jiha, a duba maka, ka tabbatar ba hanya ba ce, ba filin makaranta ba ne, ba ƙarƙashin babbar wayar wuta ba ne. Kuma fili da damina ake ganinsa. Duk wanda ya zauna garin nan ya san abin da kogin Kaduna yake yi wa na bakinsa in ya cika, a tambayi mutanen Kigo Road da Rafin Guza. Fili mai arahar da ta wuce hankali, ruwa ne ya san dalili.

Matar Auta: Assalamu alaikum. Kawu, Goggo, Yaya, Anti, ina gaishe ku. Ku yi haƙuri in sa baki, tunda ni ce zan wuni a gidan.

Yaya ya ƙirga hawan maigidan har 132, amma nawa ba a ƙirga ba. Shi zai fita bayan asuba ya dawo bayan magariba ko'ina muka koma. Ni ce zan kai babban makaranta, in kai ƙaramar rigakafi, in je awo, in je cefane. Ɗinkin da nake yi, masu kawo mini duk 'yan Badarawa da Unguwar Dosa ne da Kawo, shekara huɗu ina tara su. Ba wadda za ta tsallake kogi ko baifas don ɗinkin atamfa ɗaya. Kuɗin nan shi ne sabulu, shi ne kuɗin tara na yara, wani watan har gas. In ya tsaya, a sa shi cikin abin da gidan araha ya ci.

Kuma Mama tana Kawo. Yanzu in abu ya taso, kafin in gama ɗaura zani ƙanwata ta iso. Da jego a gabana, wannan ya fi mini ɗaki na biyu.

Amma gidan da muke ciki ma na gaji da shi, ba zan ɓoye ba. Layin banɗaki da safe, igiyar shanya sai an yi rigima, yara ba wurin wasa sai bakin kwata. In tashi ya zama dole, ni Rigachikun na fi so a cikin ukun, ba don ta fi kyau ba. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙa zuwa Kawo, mota ba ta yankewa a titin Zariya, tun da aka yi sabuwar gadar sama kuma cunkoson Kawo ya yi sauƙi. Ina iya ajiye keken ɗinkin a wurin Mama, in riƙa zuwa kwana uku a mako. Sai dai gidan ya zama kusa da titi, ko da ciki da falo ne mai banɗaki a ciki. Ɗaki biyun can ciki da aka nuna masa, na ga hotonsa, bayansa gona ce.

Goggo: Yarinyar nan ta fi ku duka.

Yaya Babba: Amaryarmu, na karɓi gyara, ban ƙirga naki ba. Amma lura, duk abin da kika lissafa gefena ya ƙarfafa. Kuma gidan Rigachikun na bakin titi mai banɗaki a ciki, ku je ku ji kuɗinsa. Ina jin tsoron kada tazararsa da Badarawa ta zama ba ta kai kuɗin motar kwasar kaya da na dillali ba.

Taubashi: Shi Yaya Babba ko Aljanna aka ce a bayan gari take sai ya tambayi kuɗin mota.

Kawu: Ku bar gardama haka. Auta, ran Lahadi ka zo ka kwana a wurina, Litinin ka tafi aiki daga nan, ka rubuta abin da ka kashe da lokacin da ka isa. Talata ka kwana gidan taubashinka, kuma kada ya ɗauke ka a mota. Rigachikun akwai ɗan Goggonku, a yi masa magana. Ranar da aka yi ruwa ka koma ka duba layukan uku da ƙafarka, ka tafi da matarka.

Auta: To, Kawu, in sha Allahu. Yaya, in lissafin ya fito yadda ka ce, kai za ka raka ni wurin mai gida, don ni in na buɗe baki ƙara mini zai yi.

Taubashi: Ka taho da tabarmarka da maganin sauro. Kuma tuwon dare ba kyauta ba ne.

Anti Nas: Awonta Alhamis ne, kada a sa yawon duba gida ranar.