Neman kalma: me za mu kira système d'équations da Hausa?

Jama'a, ɗiyar yayata ce ke aji na troisième (ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare) nan Garwa, jarrabawar BEPC na gabanta, jiya ta kawo min darasin système d'équations ta ce ba ya shiga. Na ce mata: an sha shayi kofi 3 da burodi 2, an biya sefa 600. Wani tebur shayi 1 da burodi 2, sefa 400. Ban rufe baki ba ta ce, "Kawu, ai burodi ya kashe burodi, saura shayi 2 a 200." Shayi 100, burodi 150. Lissafin tana da shi, sunan ne ya tsorata ta. To me za mu kira shi?

Wani malami daga Marwa ya ce équation dai "daidaito" ce, tunda hagu da dama nauyinsu ɗaya kamar sikelin mahauci. Na yarda. Ya ƙara da "tsarin daidaito", a nan ne muka rabu. Malam, tsari ai ko layin awon hatsi tsari ne. Abin da ke nan shi ne daidaito biyu sun yi tarayya a kan ɓoyayyun lambobi guda, kuɗin shayin da ya gamsar da na farko dole ya gamsar da na biyu.

Daga Injamena aka ce a ɗauki mu'adala, yadda ake kiran équation a makarantun Larabci. Ba laifi, aljabra ma daga littafin Alhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma jabr ɗin ɗori ne, irin na karaya. Sai dai yarinyar nan ba ta yi Larabci ba, an sauya mata baƙo da baƙo ke nan.

Wata 'yar Kusiri ta kawo "tagwayen daidaito". Wallahi ya yi daɗi a baki, kuma ya nuna tare suke tafiya. Aka tambaye ta, in sun zama uku da ɓoyayyu uku fa? Ta ce 'yan uku, aka yi dariya.

Ni na tsaya a "daidaito masu tarayya", tagwaye kuma in biyu ne. Linéaire mu ce "miƙaƙƙu", don in aka zana kowanne layi ne miƙe, amsar tana mahaɗarsu. Combinaison kuwa, wato haɗa daidaito biyu ko cire ɗaya daga ɗaya don ɓoyayyar lamba ɗaya ta ɓace, yarinyar ta riga mu: kashewa. Substitution, wato a ciro ɓoyayyar lamba daga daidaito ɗaya a sa ta a gurbinta a ɗayan, ita ce ta rage, tsakanin "musanya" da "maye gurbi", Malam na Marwa bai saki tasa ba.