Shin dole ne sai an ci daji kafin duniya ta ƙoshi?

Ɗan Gandu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Wata gardama ce da ta shiga tsakanina da ƙanen mahaifina ta kawo ni nan. Muna duba wani fili da ake shirin yi wa sassabe a bayan garinmu, sai na nuna damuwata game da itatuwan da za a kayar, shi kuma ya ce mini mutane ƙaruwa suke yi amma ƙasa ba ta ƙaruwa, don haka babu al'ummar da ta taɓa cika rumbunta ba tare da ta ci daji ba, har da Turawan da suke yi wa wasu wa'azi a yau. Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin a zahiri maganarsa tana da ƙamshin gaskiya: a 1960 mutanen duniya sun kai kimanin biliyan 3, a ƙarshen 2022 kuwa sun cika biliyan 8. Ina roƙon masu sani su yi mini bayani. Yaya ake raba ƙasar duniya tsakanin gona da makiyaya da daji, kuma dajin da ake sarewa a ƙasashe daban-daban, abincin mutane ne ake nomawa a wurin?

Malamar Labarin Ƙasa ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Gandu. Baffanka yana da gaskiya ta fuskar tarihi, domin yawancin gonakin Ingila da Faransa da gabashin Amurka dazuzzuka ne a da. Inda zan saɓa masa shi ne a kan halin da ake ciki yanzu.

Alkaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa ƙasar da ake amfani da ita wajen noma da kiwo ta kusa hekta biliyan 5. Daga ciki, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ake shukawa, ragowar kashi biyun makiyaya ce. Daji kuma, a lissafin 2020, ya rufe kimanin hekta biliyan 4, wato kashi 31 cikin 100 na doron ƙasa, kuma fiye da rabinsa yana cikin ƙasashe biyar: Rasha da Barazil da Kanada da Amurka da Sin. Daga 1990 zuwa 2020 an share kimanin hekta miliyan 420 na daji, kuma binciken da hukumar ta yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ɗora alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ɓarna a kan faɗaɗa noma da kiwo.

Sai dai abin tambaya shi ne me ake yi da filin bayan an share shi. A dajin Amazon na Barazil, mafi yawan wurin da aka sare ya koma makiyayar shanu ne. A yankin Serado na Barazil, wanda daji ne mai ciyawa da gajerun itatuwa kamar namu na arewa, makiyayar shanu da waken suya ne suka mamaye, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waken suyar da ake nomawa a duniya kaji da aladu da shanu da kifin kiwo ne suke cinyewa, ƙasar Sin kuma ita ce babbar mai saye. A Indonesiya da Maleshiya kwakwar manja ce, wadda asalinta ma daga Afirka ta Yamma aka kai ta. A Kwaddebuwa da Gana kuwa koko ne, wanda manomin da ya noma shi ba ya tuƙa tuwo da shi. A Amurka, kusan kashi ɗaya bisa uku na masarar da ake girbewa ana mayar da ita man mota. Saboda haka, idan aka ce ana sare daji domin mai jin yunwa ya ƙoshi, a wurare da yawa maganar ba ta dace da abin da ke faruwa a ƙasa ba. Kasuwar masu hali ce take jan gatarin. Inda maganar baffanka ta fi zama daidai shi ne a Afirka kudu da Sahara, inda ƙananan manoma ke buɗe sabuwar gona domin abin kai wa baki, a haɗa da saran itacen girki da gawayi.

Jikan Makiyaya ya amsa:

Malama, na gode da wannan bayani, amma ina da ja a kan batun makiyaya, domin na sha ganin ana ɗauko wannan lissafi na kashi biyu bisa uku ana jifan masu dabbobi da shi, kamar su ne suka cinye ƙasar duniya. Babban ɓangare na abin da ake kira makiyaya ƙasa ce da garma ba za ta amfane ta ba: filayen Mongoliya, da tsakiyar Ostareliya, da tsaunuka, da bakin hamada irin arewacin Tawa da Agadas, inda ruwan sama bai isa ya nunar da gero ba. A irin waɗannan wurare, raƙumi da akuya da saniya su ne kaɗai hanyar da ɗan'adam zai mayar da ciyawa da ƙaya su zama nono da nama. Ba daidai ba ne a haɗa wannan da attajirin da ya ƙone dajin Amazon ya shuka ciyawa ya zuba shanu, a kira su duka da suna ɗaya.

A ƙasarmu ma, abin da ido ke gani shi ne gona ce take cin burtali da mashaya, kuma tun da aka daina barin saura ta huta, dabba ta rasa inda za ta tsaya da damina. A da manomi ne yake roƙon makiyayi ya kwana a gonarsa da kaka saboda taki, har ya ba shi dami. Wannan ma wani tsarin amfani da ƙasa ne, fili ɗaya yana ba da hatsi da damina ya ba da kiwo da rani, sai dai ba ya fitowa a cikin alkaluman da ke raba ƙasa gida-gida.

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Jikan Makiyaya ya faɗi gaskiya, kuma ina ganin Malama ba za ta musa ba. Ni abin da nake so in ƙara shi ne batun yabanya, wato abin da hekta ɗaya take bayarwa, domin a nan ne amsar tambayar Ɗan Gandu take.

Daga 1961 zuwa yau, hatsin da duniya ke girbewa ya ninka fiye da sau uku, alhali filin da ake shuka hatsin bai ƙaru da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya kawo haka sanannen abu ne: ingantaccen iri, da takin zamani, da ban ruwa. Norman Borlaug, wanda ya yi aikinsa a Meziko, ya fitar da alkama mai gajeren kara wadda ba ta kwanciya idan ta sha taki, aka kai ta Indiya da Pakistan a shekarun 1960, kuma saboda wannan aiki ne aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Da a ce har yanzu ana girbin da ake yi a 1961, da filin da za a buƙata domin ciyar da mutum biliyan 8 ya lamushe dazuzzuka masu yawa da suke tsaye yanzu. To, ka ga ke nan an ciyar da ƙarin biliyoyin mutane ba da gatari kaɗai ba.

Amma ban yarda da masu cewa da zarar yabanya ta ƙaru daji ya tsira ba. Na farko, tsarin yana da nasa kuɗin: a jihar Punjab ta Indiya, noman alkama da shinkafa a jere ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ta yin ƙasa, kowace shekara sai an ƙara wa rijiyoyin burtsatse zurfi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, idan noma ya zama mai riba, mai jari ƙara faɗin gona yake yi. Serado da Malama ta ambata, ƙasa ce mai tsami da a da ake ganin ba ta da amfani. Bayan da aka kafa hukumar binciken noma ta Embrapa a 1973, aka gano yadda za a gyara ta da farar ƙasa da takin fosfet, aka kuma samar da waken suya mai jure yanayin zafi, sai ga shi kusan rabin wannan daji ya tafi. Ilimin da ya ƙara amfanin gona shi ne ya buɗe ƙofar sara.

Abin da ya taɓa rage saran a Barazil doka ce da aiwatar da ita. A 2004 an share fiye da murabba'in kilomita 27,000 na Amazon a shekara guda. Zuwa 2012 adadin ya sauko ƙasa da 5,000. A tsakanin nan gwamnati ta riƙa bibiyar saran da tauraron ɗan'adam tana cin tara, manyan 'yan kasuwa suka yi yarjejeniya a 2006 cewa ba za su sayi waken suyar da aka noma a sabon sassaben Amazon ba, dokar daji ta ƙasar kuma ta wajabta wa mai fili a Amazon ya bar kashi 80 cikin 100 a matsayin daji. A cikin waɗannan shekaru noman Barazil bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Da aka sassauta sa ido daga baya, saran ya sake tashi. Ƙasar Sin ita ma, bayan ambaliyar kogin Yangze ta 1998, ta fara biyan manoma da hatsi da kuɗi domin su daina nome gangaren tsaunuka su mayar da su daji, daga baya kuma ta shata iyakar ƙasar noma da ba za a bari ta gaza hekta miliyan 120 ba, saboda gine-gine ma suna cin gona kamar yadda gona take cin daji. Wanda ya san gefen Kano shekaru talatin da suka wuce ya san abin da nake nufi.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Ranka ya daɗe Malamin Gona, duk misalan da aka kawo suna ɗaukar gona da daji a matsayin kishiyoyi, wannan ya shiga wancan ya fita. A wurinmu an ga wata hanya. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin jihar Maraɗi sun zama fayau, iska tana binne shuka da rairayi har sai an yi binne biyu ko uku kafin ta kama. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka mutu. A farkon shekarun 1980 ne wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa tohon da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Aka fara jan hankalin mutane su zaɓi wasu rassa su bari, su riƙa yi musu aski. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram.

Gawo ne sarkin wannan aiki, domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya zubar da 'ya'yan da dabbobi ke ci. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Abin da ya hana mutane barinsa a da ba jahilci ba ne. A wancan lokacin itace na gwamnati ne a doka, kuma wanda ya bar shi a gonarsa ya jawo wa kansa tarar malaman daji ranar da ya sari reshe, don haka gara ya kashe shi tun yana toho. Sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, sannan gonaki suka cika da gawo da kalgo da sabara da aduwa.

Ɗan Gandu ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Filin da nake magana a kai ba nawa ba ne, kuma baffa ba zai fasa noma shi ba, domin iyalinsa sun yi yawa kuma tsohuwar gonar ta gaji. Amma ina ganin zai saurare ni idan na zo masa da batun gawo, tun da akwai su a wurin tare da kalgo da 'yan magarya. Malam Ɗan Maraɗi, guda nawa ya kamata a bari, kuma ba za su hana garmar shanu wucewa ba?

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Ku fara da kamar 40 a hekta, a warwatse, kuma tun da da shanu kuke huɗa, ku zaɓi kututturan da suka yi kusan layi ɗaya domin garma ta samu hanya. A kowane kututture a bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a sare sauran, a kuma aske ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayin kowane reshe, da wuƙa ko lauje mai kaifi, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Manyan gawon da ke tsaye kada a taɓa su ko kaɗan. Wahalar tana cikin rani biyu na farko, lokacin da awaki da masu neman itacen girki suke bi ta gonaki, saboda haka yana da kyau baffa ya sanar da maƙwabtansa na gona da mai unguwa tun kafin kaka, a kuma ɗaura wa rassan da aka zaɓa tsumma domin kowa ya san da gangan aka bar su.