Me "Vieilles Vignes" ke nufi a kwalbar jan giyar inabi, kuma me ke turo toshiya sama?

Iliya, Garwa

Gaisuwa ga manya. Ina riƙe da siton wani otal a nan Garwa. Cikin jan giyar inabi da ke zo mana daga Faransa akwai mai rubutun "Vieilles Vignes", kuɗinta kuma ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Na san tsofaffin kurangu ake nufi, to amma me tsufan itace ke ƙara wa abin da ke cikin kwalba? Na biyu, a katan ɗin da ya iso a watan Afrilu, kwalba 3 toshiyarsu ta turo sama kaɗan, ga kuma sawun ja da ya bushe a wuyansu. Daga masu yi ne, ko daga ajiya?

Malam Yakubu, Ngaundere

Ɗana Iliya, bari in ɗauki ɓangaren gona. Kurangar inabi takan fara 'ya'ya a shekara ta 3. In ta wuce shekara 25 ko 30 sai haihuwa ta ragu, nonon inabin, wato curin ƙwayoyin, ya ƙanƙance, ƙwayoyin ma su zama ƙanana. To nan maganar take. Ruwan da ke cikin yawancin baƙin inabi fari ne. Launi da ƙamshi mai yawa a ɓawo suke, baurin nan mai kama harshe irin na goro kuma daga ɓawo da ƙwallo yake fitowa. Ƙaramar ƙwaya ɓawonta ya fi yawa a kan ruwanta, shi ya sa giyar ke fita da duhu da nauyi a baki. Gonar da a ƙuruciyarta take ba da lita 5,000 ko 6,000 a hekta, in ta tsufa sau da yawa takan tsaya a 2,000 zuwa 3,000. Aikin aske rassa da tsinka da hannu bai ragu ba, kwalaben ne suka ragu. Ka ga inda tsadar ta samo asali.

Abin da ni na fi ba muhimmanci shi ne saiwa. Tsohuwar kuranga saiwarta ta yi zurfi, wani lokaci mita da dama, saboda haka fari ba ya gigita ta, ruwan sama na kusa da girbi ma ba ya kumbura ƙwayoyinta kamar na ƙaramar kuranga mai saiwa a sama-sama.

Masu shekara sama da 100 ba su da yawa a Faransa, saboda wani ɗan ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, da ya zo daga Amurka, aka fara ganin ɓarnarsa a kudancin ƙasar a 1863. Maganin da aka samu shi ne aure, irin yadda muke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka. Kwarin Barosa a kudancin Ostareliya ƙwaron bai shige shi ba, har yau akwai kurangun inabin da ake kira Shiraz da aka dasa a 1843 suna haihuwa a gonar Langmeil.

Dauda, Marwa

Malam ya yi bayani, sai dai ina so in ja kunnen Iliya kan rubutun kansa. A dokar Faransa babu adadin shekarun da aka ƙayyade wa "Vieilles Vignes". Mai kurangun shekara 25 zai iya bugawa, mai na shekara 90 ma haka. Barosa ta tsara nata matakai, shekara 35, 70, 100 da 125, Afirka ta Kudu kuma tana da hatimi ga gonakin da suka kai shekara 35, ana rubuta shekarar dashe a jiki. A kwalbar Faransa sai ka juya bayanta ka nemi shekarun kurangun ko sunan gonar. In ba a faɗa ba, kada ka yi wa baƙo alkawarin abin da ba ka da tabbas a kai. Kuma a ganina tsufa kaɗai ba ya gyara mummunar ƙasa. Kurangar shekara 15 a wuri mai kyau, aka rage mata nono tun yana ɗanye, tana iya doke tsohuwar da aka yi wa sakaci.

Anti Saratu, Njamena

Ƙanena, ga yadda ake yin ta, don ka san me za ka ce a teburi. Ana cire itatuwan nonon, a ɗan murƙushe ƙwayoyin, a zuba su a tanki da ɓawonsu. Yis ne ke cin sukari ya mai da shi barasa. Kusan giram 17 na sukari a kowace lita ke ba da digiri 1 na barasa, don haka inabi mai giram 240 ya kan ba da wajen digiri 14. Inabi irin su Grenache na kudancin Faransa da Sifen nan suke kaiwa, har su wuce. Ana riƙe zafin tankin tsakanin digiri 25 da 30. In ya haura 35 yis ya gaji ya tsaya, sukari ya rage, ƙwayoyin cuta su samu abinci.

Yayin tashin, wato wannan aiki na yis, ɓawon yakan taso sama ya yi tauri kamar faifai. Dole a danna shi ƙasa ko a ɗebo ruwan ƙasa a kwarara masa, sau ɗaya ko biyu a rana. In aka bar shi ya bushe, warin binega zai shiga. In kuma aka matsa da dannawa, musamman ga ƙananan ƙwayoyi masu kaurin ɓawo, bauri ya yi yawa har ya busar da baki, shi ya sa masu hankali ke bin tsofaffin kurangu a sannu. Bayan mako 2 zuwa 3 sai a tace. Sai tashi na biyu, inda tsami mai kaifi irin na ɗanyen tuffa ke juyewa ya zama mai laushi irin na nono. Daga nan sai gangar katako mai lita 225, wata 12 zuwa 18, ana cika ta a kai a kai don katako na shanye wani abu, iska kuma ba a so a ba ta wuri. Sabuwar ganga tana sa ƙamshin banila da hayaƙi. Da yawa sun fi son tsohuwar ganga don kada katako ya danne 'ya'yan itacen.

Maganar toshiya kuwa, zafi ne. Ruwa in ya ɗumama yakan kumbura, ya tura toshiyar, ya tsiyayo ta gefe. In ya huce ya ja iska ciki. Ka tuna hanyar: tashar jiragen ruwan Duwala, jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngaundere, sannan bayan mota zuwa Garwa a watan da rana ke wuce digiri 40. Giyar na son digiri 12 zuwa 14, kwance, cikin duhu. Odar kaya masu tsada a yi ta yadda za su iso a Disamba ko Janairu.

Iliya, Garwa

Na gode ƙwarai, Malam da Anti da Yaya Dauda. To waɗannan 3 ɗin fa, zubarwa za a yi? Kuma sitonmu ba shi da na'urar sanyaya ɗaki.

Anti Saratu, Njamena

Kada ka kai su teburi a farashin lafiyayyu. A buɗe ɗaya a zuba a kofi mai haske, a ɗora kan farar takarda. In gefen ya koma ruwan ƙasa alhali giyar ba ta wuce shekara 4 ko 5 ba, tana kuma warin dafaffen dabino, ta dahu. Ta miya ce a kicin. In warin jiƙaƙƙen kwali ka ji, wannan cutar toshiya ce daga can, a ɗauki hoto a mayar wa dillali. Guggubin da ke kwance a gindi kuwa ba lalacewa ba ne: a tsayar da kwalbar kwana ɗaya, a tsiyaye a hankali.

Ajiya kuma, nemi ɗaki na tsakiyar gini wanda bangonsa ba ya shan rana, nesa da kicin da janareta, ka sa katan-katan a ƙasa-ƙasa, ka rataye ma'aunin zafi. Hawa da saukar zafi ya fi tsayayyen ɗumi ɓarna. Da hunturu ka ajiye kwanon ruwa a ɗakin don kada toshiya ta bushe. Kada ka tara fiye da abin da zai ƙare cikin wata 2 ko 3. Kafin a kai wa baƙo, minti 30 zuwa 40 a firji zai sauko da ita kusa da 16 zuwa 18, don a ɗumin ɗakinmu barasar ce kawai ke bugun hanci.