Neman Shawara: Tsohuwar Talabijin Mai Ƙeya Domin Wasan Gem

Abba (Gwammaja):
Assalamu alaikum. Na fito da tsohuwar Sega Mega Drive da PlayStation 2 ɗina daga adakar Hajiyarmu, amma da na jona su da talabijin ta bango sai hoton ya dagule, kuma idan na danna maɓallin tsalle sai an ɗan jinkirta kafin ɗan wasan ya motsa. Wani maƙwabcinmu zai sayar mini da tsohon allon kwamfuta mai ƙeya, inci 17. Shin in karɓa, ko in nemi talabijin irin ta da?

Malam Sani (Fagge):
Wa'alaikumus salam, Abba. Talabijin za ka nema, domin allon kwamfuta da VGA yake aiki, wato mahaɗin hoto na kwamfuta, kuma ba ya karɓar siginar da Mega Drive ke fitarwa sai an saka wata na'ura a tsakani, wadda sau da yawa ita ce za ta dawo maka da jinkirin da kake gudu. Talabijin mai ƙeya tana zana hoton layi bayan layi a daidai lokacin da siginar ta iso, ta bango kuwa sai ta tsaya ta faɗaɗa shi tukuna. Idan ka samu Sony Trinitron, wadda aka fara fitarwa a 1968, kada ka yi sanya. Sai dai ka duba bayanta, saboda tsarin siginar talabijin na Najeriya PAL ne, na Amurka da Japan kuwa NTSC, kuma rashin dacewarsu kan sa hoto ya fito baƙi da fari. Kayan Japan da wuta mai ƙarfin volt 100 suke aiki, tamu kuwa 230 ce. Na taɓa ƙona wata 'yar Japan a take saboda gaggawa.

Injiniya Kabiru (Sabon Gari):
Shekarata ashirin ina gyaran irinsu, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne 'yan gwangwan sun fi ku saurin zuwa, suna fasa su domin jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalbar, wato babban gilashin da ke nuna hoton. Kafin ka biya, a kunna maka ita ta yi kamar rabin awa, ka lura ko hoton yana tsukewa ko yana rawa idan ta yi zafi. Tabon shuɗi ko kore a kusurwa yawanci maganaɗisun sifika ne ya jawo shi, kuma yana gyaruwa, amma idan hoton ya dusashe gaba ɗaya to kwalbar ce ta gaji, ka bar musu kayansu. Ƙurar hunturu za ta cika ta, duk da haka kada ka buɗe ta da kanka, ƙanena, domin wutar cikin kwalbar takan haura volt 20,000, kuma tana iya zama a ciki bayan an cire soket.

Abba (Gwammaja):
Na gode, Allah ya saka da alheri. Injiniya, inci nawa ya kamata in nema? Ɗakina a saman bene yake.

Injiniya Kabiru (Sabon Gari):
Ka tsaya a inci 21. Mai inci 29 sai mutum biyu sun ciccibe ta, kuma yawancin nauyin a fuskar gilashin yake.