Baƙin Dutsen Balchit: Musayar Baituka

Ɗan Maƙera:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na ji labarin Melka Kunture ta ƙasar Habasha, kimanin kilomita 50 kudu da Addis Ababa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Wai can an yi gatari ba zugazugi. Amsa-amonmu "wa".

Ku ban labari, ni dai ban gamsu ba,
Wai gatari ya fito babu wutar hurawa?
Ƙira muka gada tun kaka da kakanni,
Dutse a gunmu na niƙa ne da wasawa.

Malamar Tarihi:
Kawu, ai wuta ta riga ka gama aikin,
Tsauni ya yi amai, aman ya yi daskarewa.
Da sauri ya huce, ya zam baƙin gilashi,
Daga Balchit, kilomita 7 da Melka Kunture, yake fitowa.
Rafukan da ke bin kogin Awash su kwaso curi,
Su zube a gaɓa, mutane na tsintowa.
A Simbiro ta Melka Kunture an tono gatura sun haura 500,
Shekara miliyan 1.2 ƙasa na rufewa.

Wanzamin Unguwa:
Malama, kaifinsa ya fi askata, na sallama,
Ɓalli guda ya isa fiɗa da yankawa.
Sai dai gilashi ba ya son gaggawa,
Bugu ɗaya a karkace, sai tarwatsewa.
Wanda ya sassaƙe fuska biyu bai fasa ba,
Gwani ne, yatsunsa sun sha zubar jini kuwa.

Ɗan Maƙera:
To na ji. Amma dutse ai ba tuwo ba ne,
Me ya zaunar da su can babu tashiwa?

Malamar Tarihi:
Ga ruwa, ga nama, ga wuƙa a ƙofar gida,
Kawu, wa zai bar nan ya kama ƙaurawa?
A Gombore, can yankin, sawun yara na nan a laka,
Shekara 700,000 bai yi gogewa.
Manya na fiɗar dorina a gefe,
Ƙanana na kusa, ido na koyowa.

Majemin Ƙofar Gari:
Ku matsa in sa baki, sana'ata aka taɓo,
Ƙabilar Gurage ta Habasha sun daɗe da gwanancewa.
Majemansu da wannan baƙin dutsen
Suka riƙa kankare fata har ta yi lausasawa.

Ɗan Maƙera:
Ku aiko min ɓalli ɗaya in gani da idona,
In gwada shi da laujen da nake ƙerawa.

Wanzamin Unguwa:
Za a aiko, Kawu, amma tanadi tsumma,
Ba shi da ƙota, tafin hannu yake somawa.